Telen Da Sai An Dube Ta Ido Cikin Ido

Ana sallame asuba muka bar unguwar Zango a Damagaram, ni da wani abokin aikina, muna riƙe da kwali kamar mai jinya. A ciki akwai wata ƙaramar tele da yayana ya aiko daga ƙasar Sin, irin wadda hoto ke fitowa waje ba sai ka sa tabarau ba. Ya ɗauki kansa a bidiyo yana gaida Inna. Shekara takwas rabonta da ganinsa, ga shi jikinta ya yi rauni, ni kuma na yi masa alkawarin za ta gan shi.

A tasha direba ya ce a ɗaure kwalin a saman mota tare da buhunan albasa. Na ƙi. Na saya wa telen kujera guda, jika biyu na sefa, fasinjoji suna ta yi mini dariya. Duk ramin da muka faɗa, a ƙirjina nake jin sa. A shingen jandarmomi wani ya ce a buɗe, ya kai yatsa zai ƙwanƙwasa gilashin.

"Ranka ya daɗe, don Allah kar ka taɓa, na tsohuwata ne."

Ya dube ni, ya ɗaga hannu muka wuce.

A Takieta muka sha fura a tsaye, muka hau baburan kabu-kabu zuwa ƙauyenmu. Rairayi ne tsakanin gonakin gero, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Mun shiga zaure ke nan ruwa ya sauko.

Babu lantarki a garin, batirin da muka zo da shi kuwa ba ya wuce awa ɗaya. Na kunna. Ɗakin ya cika, mata suna salati, wata gwaggona har ja da baya ta yi da yayana ya miƙo hannu. Sai dai ita wannan tele tana da sharaɗi: dole ka zauna saitinta, ka dube ta kai tsaye. In ka karkace, fuska biyu za ka gani a cakuɗe.

A nan ne na gane wautata. Yayana ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon fuskarsa a gaban mutane ba. Ta juya gefe, ta ja mayafi.

"Inna, ki matso tsakiya mana."

"Ina jin sa daga nan. Wancan ai lafiyarsa lau."

Na yi lallashi, na yi magiya, batiri yana ta sauka. Raina ya ɓaci, har na kusa ɗaga mata murya. Gwaggo ce ta miƙe ta ce kowa ya fito a tare ruwa a randuna. Ta finciko ni ma, ta saki labule.

Ban kyauta ba, amma na leƙa. Inna ta ja tabarmarta zuwa tsakiya, ta sauke mayafi. Ta miƙa hannu tana shafa iska daidai kumatunsa.

"Habu," in ji ta, "ka rame."

Ba a yi minti biyar ba telen ta mutu.

Washegari da hantsi muka komo Damagaram. Shekara ashirin ina gyaran tele, na san nisan da ake zama da saitin da ake bi, amma ban san sai an fita an bar uwa da ɗanta ba. Na kira yayana, ya tambaya ko ta gan shi da kyau. Na ce ta gani. Sauran ban gaya masa ba, don ba ni aka yi wa maganar ba.