Akuyar Kirsimeti

Ni Kirista ne, haifaffen Daura, kuma kafin in lalace ba a san ni da komai ba sai rera waƙa a coci. Duk Kirsimeti Inna kan kira maƙwabcinmu Malam Haruna ya yanka mana akuya, don Musulmin unguwa su ci da kwanciyar rai. Ni ke kai kwanukan shinkafar gida-gida, kuma a hanya na koyi buɗe murfi ina zare tsoka. Daga nan ne fa, yara.

Da na girma na shiga satar kaji, daga kaji sai awaki. Ina kora su Kongolam, can bakin iyaka, inda wani dillali ba ya tambaya. Wata shekara na kwance akuya a wani ƙauye wajen garin Babban Mutum, na kawo wa Inna, na ce gumina ne. Har guɗa ta yi. Ashe ta Malam Haruna ce da ya bai wa ƙanensa kiwo.

Da Malam Haruna ya zo da wuƙarsa, ya kama kunnen akuyar, ya ga tsagar da ya yi da hannunsa. Ya dube ni. Ya yi bismilla, ya yanka, ya wanke hannu ya fita. Da na kai kwano gidansa, matarsa ta ce, "Mayar, Malam ya ce ba ma ci." Inna ta bi ba'asi, ta ji. Tun daga ranar ba ta ƙara aika wa kowa kwano ba, don kunya. Ni kuwa ko a jikina.

Satar shanu ce ta kai ni gidan yari. Can ma ban yi kuka ba. Ina ci, ina kwanciya, shi ke nan. Wata Kirsimeti wani fasto ya zo mana, ya tambaye ni laifina. Na faɗa masa. Ya ce, "To, ka san inda aka haifi Mai Ceto? Wurin dabbobi. Inda kake shiga ka ɗauka, nan ya shigo ya ba da kansa. Bai jira an share ba." Na ce to. Ban ji komai ba, amma maganar ta ƙi fita.

Da aka sake ni na tarar Inna ta tsufa, ta daina zama a ƙofar gida. Na kama dako a kasuwa, da Kirsimeti ta kusa na sayi 'yar akuya. Na tuba, amma kada ku zaci wani haske na gani. Ƙafata kawai na ja zuwa zauren Malam Haruna, na durƙusa.

Na ce, "Baba, a yafe mini. A zo a yanka wa Inna."

Ya tashi ya ɗauko wuƙa. A tsakar gidanmu ya kama kunnen akuyar, ya duba ciki da waje, a gabana. Wannan dubawar ta fi mini zaman yari ciwo.

Yara, ku bar murfin kwano a rufe. Allah yana yafewa, don haka aka haifi Yesu, amma mutane za su ci gaba da duba kunne, kuma ba su yi laifi ba.

Da rana Inna ta zuba shinkafa, ta miƙo mini. Na kai gidan Malam Haruna. Kwanon ya dawo a wanke.