Shekarar da Inna Ta Rabar da Maganin Zuciyarta

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman ɗankwalina alhali yana kaina, ba na jin zan manta shekarar da Innarmu ta mayar da ɗakinta asibitin unguwa. Har yau in muka haɗu da 'yan'uwana aka tuno zancen, sai mun yi dariya har da hawaye, ko da yake a lokacin babu wanda ya ga abin dariya.

Inna a Bungudu take, ni kuma aure ya kawo ni Gusau. Mace ce da hannunta bai iya riƙe abu ba. Ka kai mata sabulu da safe, kafin la'asar maƙwabta suna wanki da shi. Da daminar wannan shekara ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Muka kawo ta asibiti a Gusau. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta a ɓoye, har zuciya ta gaji da tura jini. Ya rubuta mata magani na wata guda, ya ce a sha kullum, a rage gishiri, a bar kanwa.

Duk bayanin nan bai dami Inna ba. Abu ɗaya ke ranta: bikin jikarta, 'yar yayana, wadda ita ta goye ta tun yaye, za a kai ta Tsafe da kaka. Ta dubi likita ta ce, "Ɗana, hwaɗa mini gaskiya, ina zuwa bikin ga ko ba ni zuwa?" Ya ce in ta sha magani yadda ya faɗa, da yardar Allah da ƙafarta za ta je.

Magani kuwa ya karɓe ta. Kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo, har ta koma dama furarta da kanta. Duk matar da ta shigo dubiya sai Inna ta ɗage zani ta nuna mata ƙafa, tana yabon 'yar ƙwayar kamar ita ta haife ta. Ni kuma in na buga waya aka ce mini lafiya lau, sai in yi hamdala in ci gaba da ɗinkin kayan amarya.

Wata bai cika ba matar yayana ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce in zo in ga Inna da idona. Na tarar da ita zaune kan tabarma ta jingina da bango, ƙafafu sun koma kamar turame, tana jan numfashi da kyar. Na durƙusa gabanta. Na ce ina magani? Ta ce yana nan. Na ce a ina? Ta kama yi mini tambayar lafiyar yara. Na tashi na buɗe kwanon da take ajiyar goro, inda na san nan take sa shi, na tarar da fankon leda.

Ina tsaye da ledar a hannu sai ga sallama. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo, ba ta lura da ni ba, ta ce, "Inna, a taimaka mini da 'yar hwarar ƙwayar nan, yau kuma gwiwata ta hana ni sakat." Inna ta dinga ƙifta mata ido tana nuna ni da haɓa, baiwar Allah ba ta gane ba, sai ma ta ƙara da cewa wadda aka ba ta rannan ta sa ta jiri har ta zauna cikin dawar da take sussuka, amma dai ta ji ana cewa haka magani mai ƙarfi yake.

Nan asiri ya tonu. Ashe mai ciwon kai ta samu, mai ciwon baya ta samu, har da wata da mijinta ke tari. Da Inna ta ga ƙwayoyi na ƙarewa, sai ta fara tsallake nata shan don ya ishi jama'a. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce, "Haba Inna! Maganin da aka ba ki don zuciyarki?"

Ta harare ni, tana haki amma bakin bai mutu ba. "To mi kika so in yi? Mace ta taka ta zo gaishe ni, ta ga na samu sauƙi, ta ce ita ma ga abin da ad damunta, in ce mata babu? A ce ni ka rowar magani? Tun da nika ban taɓa jin wanda Allah ya nuna ma magani ya ɓoye ba."

Gaskiyarta ta wani ɓangaren. Haka muka tashi muka gani: wadda ta san sassaƙen da ya yi mata amfani, ita ke jiƙa wa maƙwabta. A wurin Inna ƙwayar asibiti da jiƙon sabara duk abu ɗaya ne.

Muka ɗauko mota muka koma Gusau. Likita ya duba ƙafa, ya saurari ƙirji, ya tambaya ko ta daina shan magani. Kafin in buɗe baki Inna ta zayyana masa komai, har da alfahari. Likita ya cire tabarau. Bai yi faɗa ba. Ya ce wannan magani sauke jini yake yi, wanda jininsa bai hau ba zai iya yanke jiki ya faɗi. Sannan ya tambaya, "Inna, cikin waɗanda kika ba, akwai mai ciki? Domin irin wannan yana iya cutar da ɗan da ke ciki."

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta sauya haka ba. Ta jawo bakin zaninta, ta kwance wani ɗan ƙulli, ta ajiye ƙwayoyi a kan tebur. Su ne na ƙarshe da suka rage mata. Ta hana kanta ne don ta kai wa matar ɗan maƙwabcinmu, mai cikin fari, wadda ƙafafunta suka kumbura. Rashin ƙarfin tashi kaɗai ya hana ta kaiwa. Ta ce, "Innalillahi. Ashe da hannuna za ni kashe ɗan mutane." Sai hawaye. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Aka kwantar da ita na 'yan kwanaki har ruwan ya sauka. Mun ɗauka in ta koma gida za ta rufe asibitinta, ashe sauya masa salo za ta yi. Duk wadda ta shigo da koke, sai Inna ta yafa mayafi ta ce, "Tashi mu tahi a auna ki." Haka ta dinga tasa matan unguwa a gaba zuwa asibitin garin, har ma'aikata suka fara tsokanarta da shugabar marasa lafiya. Wasu aka same su da hawan jinin aka ba su nasu maganin, mai cikin nan kuma aka sa mata ido har ta sauka lafiya. Dattijuwar gwiwa dai ta yi fushi na ɗan lokaci, tana cewa Inna ta zama 'yar boko.

Ranar kai amarya Inna ta riga kowa shiga mota. A Tsafe ta ƙi yarda a riƙe ta, ta taka da kanta har ƙofar ɗakin jikarta, ta tsaya ta huta, sannan ta rangaɗa guɗa. Gajeriya ce, muryar ma ta tsufa, amma amarya na jin ta ta fashe da kuka a cikin lulluɓi.

Abin da na koya shi ne, kyauta ma tana son sani. Ka ba maƙwabcinka tuwonka, ka ba shi zaninka, amma maganin da likita ya rubuta maka naka ne kai kaɗai, kuma a sha shi kullum ko an ji sauƙi. In kana ƙaunar mutum, raka shi a auna shi.