Hannun Gwaggo Mairama da Ƙafafun Shifa'u

Gwaggo Mairama abinci take sayarwa a bakin wata masana'antar takalman roba a Sharaɗa, amma ba da wannan aka fi saninta ba. Matan leburorin da suka baro iyayensu a Jigawa ko Damagaram, in sun haihu ita ake aika wa. Ta yi wa jariri wanka, ta gasa cibi, ta murza kai da tsumma mai ɗumi, ta ja hanci. Takan ce rabin hancin unguwar aikinta ne.

Sai ga Shifa'u, 'yar ɗanta Musbahu, ta zo duniya ƙafafu a lanƙwashe, tafin yana kallon ciki. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta shafa man kaɗe, ta dinga miƙe su da ƙarfinta safe da yamma. Yarinya ta yi ta tsala ihu, ƙafa kuwa ta koma yadda take. Tsoron Gwaggo kada jikarta ta tashi tana taka gefen ƙafa.

Da aka kai Shifa'u asibitin ƙashi, wata ma'aikaciya, Sista Amina, ta kama hannun Gwaggo ta jujjuya.

"Mama, wannan hannun ai na tuƙa tuwon ƙarti ne."

"Ke kuma naki na shafa hoda."

Sista ta yi dariya. "Kun yi gaskiya, jikin jariri yana bin matsi, amma ba ya son fizga. In aka danna kaɗan aka bar shi haka, ƙwayoyin naman ne da kansu ke gaya wa juna inda za su girma. Za mu sa siminti irin na ɗorin karaya, duk mako mu ƙara juya ƙafar. Kada ruwa ya taɓa."

Maganar ruwan ce ta yi wa Gwaggo ciwo. Ita da ta wanke 'ya'yan mutane, tata jikar sai dai gogewa kamar kwano. Ta daure. Ranar canza siminti Sista kan miƙo mata 'yar robar ruwa, Gwaggo ta wanke ƙafafun da yatsu biyu, tana kallon yadda tafin ya ɗan juyo.

Bayan siminti aka koma takalmi mai sandar ƙarfe a tsakanin ƙafafun biyu. Shifa'u ta ƙi shi, Gwaggo ce mai lallashi.

Ran da yarinyar ta dafa turmi ta miƙe, Gwaggo ta kwantar da kuncinta a ƙasa tana leƙen diddige. Duka biyun sun taka. Musbahu ya miƙa hannu zai ɗauke ta.

"Ƙyale ta," in ji Gwaggo daga ƙasan. "Ban gama gani ba."