Lukas na Bencin Baya

Lukas ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma har yau ban san inda ya kwaso sanyin halinsa ba. A gidanmu can Kagoro babu mai yarda a taka shi. Shi kuwa in ka taka shi, juyowa zai yi ya tambaye ka ko ka ji ciwo a ƙafa.

Ni na riga shi zuwa Inugu, na biyo mijina da ke aikin haƙar kwal. Lukas ya iso daga baya, tun Turawa na nan, ya sami aiki a reluwe. Kada ka ji an ce reluwe ka zaci wani abin kirki ne. Taragon shanu yake wankewa. In an sauke shanun da suka zo daga Arewa, shi ne mai shiga da shebur da bokiti. Da yamma ya dawo yana wari yana murmushi, wai ya wuni yana yi wa Ubangiji hidima. Na taɓa tambayarsa ko Ubangiji ne ya aike shi kwasar kashi. Sai ya ce, "Yaya, ai dole wani ya kwashe. Ni ina kwasa ina waƙa." Ka ji sakarci.

Ɗaki ɗaya suka kama shi da matarsa a unguwar Hausawa, a gidan wani mahauci Bakano, Malam Muntaka. Duk gidan su kaɗai ne Kirista.

Abu guda Allah ya ba Lukas, ko ni ba zan hana shi ba: murya. Muna da 'yar majami'armu ta kwano a bayan tasha, inda 'yan Arewa ke sujada da Hausa, kuma shi ne mai tada waƙa. Ran Lahadi zai sa farar riga ya tsaya gaba, ya ja baiti jama'a su amsa. Nan ne kaɗai a duk garin ake kallonsa ba a toshe hanci ba. In ka raba shi da wannan, me ya rage? Shebur.

To, akwai abin da yake yi duk Kirsimeti. In ya sayi bunsuru ba ya yankawa da kansa. Sai ya ja shi wurin Malam Muntaka ya yanka, don in shi ya sa wuƙa babu Musulmin da zai ci, kuma yana so kowane ɗaki a gidan ya sami kwano. Ba sabon abu ba ne, a gida ma wasu na yin haka, babu wanda ya taɓa cewa uffan.

Sai da Jerom ya gani. Jerom dattijon ikilisiya ne, akawun wani kamfani, irin mutanen da ke ɗaura nakatayi a wuya ko da zazzaɓi suke yi. In zai yi addu'a sai ya tsarma Turanci, kamar Allah ba ya jin Hausa. Ya shigo gidan ne a jajiberin Kirsimeti don a ga sabon kekensa, ya tarar da Muntaka ya kwantar da bunsurun ya fuskanci gabas, Lukas na riƙe da ƙafafu. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya juya. Bayan biki ya tara dattawa, wai Kirista ya miƙa naman haihuwar Yesu ga wuƙar wani addini. Shi naman da matar Jerom ɗin ke sayowa a kasuwa kullum, wa yake yankawa? Babu wanda ya iya tambayarsa, saboda shi ya sayi kwanon da ya rufa majami'ar.

Suka yanke cewa in Lukas ya sake, za a sa shi a horo. Horo kuwa shi ne a karanta sunanka a gaban jama'a, a hana ka cin gurasar jibin Ubangiji da yin kowace hidima, ka koma bencin baya kusa da ƙofa, inda mashaya da mazinata ke zama.

Da Kirsimeti ta zagayo, a shekarar da aka sami 'yancin kai, na je har ɗakinsa. Na ce, "Ka yanka abinka da kanka, ka sayo naman kasuwa ka raba musu. Wa zai sani?"

Ya ce, "Yaya, da Sallah daga jikin ragonsa Malam yake yanko mini, ba na kasuwa ba."

"To ku yi a ɓoye mana, a bayan gida."

"In na ɓoye, na yarda laifi ne ke nan."

Shi kansa Muntaka ya fi shi hankali. Da ya ga Lukas ya jawo bunsurun tsakar gida da rana tsaka, ya ce, "Lukas, labari ya iso mini. Bana ka bari, wallahi mun yafe naman." Wannan ɗan talikin sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ko wuƙar ce ba ta da kaifi?" Aka yanka. Kowane ɗaki ya ci, yara suna ta siɗe yatsu.

Lahadi na zagayowa Jerom ya karanta sunansa, yana jan kowane harafi kamar mai tsotsar ɓargo. Lukas ya ɗauki littafin waƙoƙinsa ya bi ta tsakiyar jama'a ya koma baya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na zuba ido in ga ya yi fushi, ko ya rame, ko ya bar zuwa. Ina! Har kumatu ya yi. A bencin nan akwai wani Ernest, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama da kwalba a hannu, ya daɗe a horo har an manta da shi. Da can sai ya ga dama yake leƙowa, don babu mai zama kusa da shi. Lukas ya mai da shi aikinsa. Duk Lahadi da safe sai ya bi ta ɗakinsa ya tashe shi, ya sa shi ya wanke fuska, su taho tare. Ya riƙe masa littafi, yana rera masa waƙar a kunne a hankali. Wai shi nan ya sami abin yi.

Ana nan aka mai da Jerom Fatakwal, ya kwashi nakatayinsa ya ƙara gaba. Dattawan da suka yi shiru a da, sai ga shi kowa ya sami baki, kowa na cewa dama shi bai goyi baya ba. Aka sa ranar ɗage wa Lukas horo. Na ɗinka wa Lukas sabuwar riga, ni ma na ɗaura ɗankwalin da nake ɓoyo, na zauna a gaba.

Fasto ya kira sunansa, ya ce ya dawo wurinsa ya tada mana waƙa. Lukas ya miƙe daga can baya ya ce, "Baba Fasto, na gode. Ernest fa?"

"Nasa bai ƙare ba. Bai bar sha ba."

"To in ba damuwa, zan jira shi."

Ya koma ya zauna. Ni kuma ina gaba da ɗankwalina kamar wata sakarya, mata na satar kallona.

Ernest bai bar sha ba. Ya rage dai, ya daina kwana a kwata, amma bai bari ba, horonsa kuma bai ƙare ba sai da ciwon hanta ya kashe shi bayan wasu shekaru. Kafin nan maganin da ake wanke tarago da shi ya ci ƙirjin Lukas, tari ya kama shi, ko magana sai a hankali.

A bakin kabarin Ernest mu kaɗan ne. Fasto ya ce Lukas ya tada waƙa, tunda abokinsa ne. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa, haka. Ko a jikinsa. Ya taɓa hannuna ya ce cikin raɗa, "Yaya, ke tada mana."

Ni da muryata irin ta agwagwa, ni na tada. Yana gefena yana motsa leɓe, fuskarsa fes kamar wanda aka yi wa albishir. Na rera ina hawaye, kuma ba don Ernest ba ne. Haushin Lukas ne ya cika mini ciki, har yau bai sauka ba.