Mai Taka wa Janar Takalmi

Irmela tana shekara tara ta fara jin sunan Balduin. Ta zura ƙafa cikin takalmin babanta tana jan sa a tsakar ɗaki, kakarta ta ɗago daga saƙa ta ce, "Cire, ja'ira! Balduin ɗaya ya ishi gidan nan." Sai bayan ta shiga sakandare aka fara aikenta da burodi ƙauyen da ke bayan garin Celle na Jamus, wurin wannan ƙanen kakar tata, tsoho mai tafiya kamar agwagwa. A bakinsa ta ji sauran.

A shekarar 1915 aka ɗebi Balduin Quast soja, yana ɗan ashirin da biyu, bai iya komai ba sai kiwon zuma. Ran da za a tura su ramukan yaƙi a Faransa aka jera su, wani saje ya bi layi da igiya yana auna ƙafafu. Manjo von Ravensloh ne ke neman odale. Manyan hafsoshi a lokacin ba sa sa sabon dogon takalmi sai wani ya taka musu shi mako biyu, fatar ta yi laushi. Ƙafar Balduin ta zo daidai da ta Manjo. Abokansa suka hau jirgin ƙasa, shi ya bi Manjo gidan da aka mayar hedikwata, inda ƙarar igwa ba ta wuce tsawa mai nisa ba.

"Ba ƙwaƙwalwata ta cece ni ba, jikalle," in ji shi. "Ƙafa ce."

Manjo mutum ne mai son taswira da naman alade. Ya riƙe wata gada kwana tara, aka ba shi Kanar. Aka kai shi gabas, ya janye rundunarsa cikin taɓo ba a bar igwa ko ɗaya ba, aka ƙara masa mutane. Duk ƙarin girma sai an ɗinko sabon takalmi, Balduin ya taka, ƙafa ta yi ƙanta ta fashe ta warke. Amma cin daɗi ya sa ƙafar maigida ta soma kumbura, ta Balduin kuwa tana nan inda take. Ya san ran da aka gane takalmin ya yi masa yawa, ran nan za a nemo mai babbar ƙafa, shi kuma a miƙa masa bindiga.

Sai ya tuna dabarar uwarsa. Ya je wurin kuku, wani gajere mai suna Wendelin, ya ce a ba shi busasshen wake.

"Waken gwamnati? Kai ɓarawon takalmi, an ƙirga buhunan nan!"

"Aro ne, mai ludayi. Gobe zan dawo maka da shi, har da riba."

Ya cika takalman da wake, ya zuba ruwa, ya ɗaure baki. Wake ya kumbura ya buɗa fata lumui. Washegari ya juye shi a bokiti ya mayar wa kuku, ya ninka biyu, ya jiƙu sarai. Wendelin ya shinshina, ya ɗaga kafaɗa, ya juye a tukunya. Kanar ya sha miya kwano biyu, ya ce tun barinsa gida bai ji mai ƙamshi irin wannan ba. Shekara biyu ana haka. Da rana Balduin ya naɗa tsumma uku a kowace ƙafa, ya yi ta zagaya farfajiya yana ɗingishin ƙarya.

Ranar da asiri ya tonu, wani babba ne ya zo daga Berlin duba runduna. Ƙwayar wake ɗaya, irin mai taurin kai da ba ta jiƙuwa, ta maƙale a cikin takalmin, can bakin yatsa. Kanar ya tsaya a kanta awa biyu a filin fareti, daidai kan babban yatsan da ke masa ciwo, ba halin motsi. Ana karanta sunayen waɗanda suka mutu, hawaye na zuba masa har gemu. Baƙon ya dube shi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce rabon da ya ga hafsa mai son mutanensa haka ya manta. Kafin mako ya zagayo takardar Janar ta iso.

Da yamma sabon Janar ya kira Balduin. Ƙwayar waken tana kan taswira, tsakiyar Faransa.

"Quast, cire tsumman nan ka sa takalmin."

Ya sa. Ƙafa ta yi ta iyo a ciki.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu, ranka ya daɗe."

"Gobe akwai jirgin da ke zuwa bakin daga. Ka sani?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Sai dai a rundunar nan ba mai ƙafa irin taka yanzu, kuma ba wanda ya san awon waken sai ni."

Janar ya murza yatsa. Can ya ce, "In ka gama da waken, ina yake zuwa?"

Balduin ya kafa wa silin ido. Daga kicin aka jiyo murfin tukunya ya faɗi. Janar ya dubi ƙofa, ya dubi takalmi.

Ba a tura shi bakin daga ba. Hukuncin shi ne ya ci gaba da aikinsa, amma duk waken da ya kwana a takalmi shi kaɗai zai shanye miyarsa, safe da yamma, saje na tsaye a kansa. Wata goma sha huɗu ya yi yana sha, har aka ajiye makamai. Janar ya koma gidansa ya rubuta tarihin yaƙoƙinsa, bai ambaci wake ba. Balduin ya koma ga zumarsa da ƙafa biyu da hannu biyu, cikin samari goma sha ɗaya na ƙauyen shi da mutum uku suka dawo.

Zuwan Irmela na ƙarshe ta same shi a gindin amya, ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ta ajiye burodi, ya riƙo hannunta.

"Ke ce mai rubuce-rubuce, ke za su saurara. Na san kakarki, matsolo ce, in na mutu abin da ya fi araha za ta dafa wa masu gaisuwa. Ki tsaya a bakin kicin, 'yar nan. A yi dankali, a yi kabeji, ko ruwan zafi ne a ba su. Amma kada ki bari a ɗora miyar wake."