Gangunan Teh Nenden da Muryar Mijinta

Teh Nenden, wato Yaya Nenden a yarenmu, tana sayar da faten shinkafa da kaza a bakin layinmu a Bandung, kuma ita ke buga mana ganguna a ƙungiyarmu ta kiɗa. Tun tana sakandare take kiɗan rok, ga shi ta haura arba'in ba ta ajiye sanda ba. Mijinta, Kang Gugun, wato Yaya Gugun, direban ƙaramar motar haya ne, shi ne mawaƙinmu. Ni jita nake kaɗawa. Ba kamfani a bayanmu. A ɗakin wani abokinmu muka naɗi albam ɗinmu na farko, muka sake shi.

Da fari ba wanda ya kula. Sai ga Dikdik Somantri, wanda mawaƙan garin nan ke shakkar alƙalaminsa, ya yi sharhi a shafinsa. Ya ce bana bai ji ganguna irin na Nenden ba. Amma muryar mawaƙin, in ji shi, kamar ta mai kiran fasinja a tasha, ita ke jan albam ɗin baya.

Dikdik bai san sana'ar Gugun ba. Tasha kuwa ta sani. Kafin azahar direbobi sun cika masa waya da tsiya.

Da yamma muka haɗu gwaji, don muna da wasa ranar Asabar. Gugun bai taɓa makirfo ba. Ya zauna a kan lasifika yana juya sigarin da bai kunna ba.

"Neng," ya ce wa matarsa, yadda ya saba kiranta, "kin karanta?"

"Na karanta, Kang."

"Gaskiya ya faɗa?"

Na sunkuya ina gyara tsirkiyar da ba abin da ya same ta. Kalma ɗaya za ta kashe maganar. Amma Nenden ko farfesu mutum ya dafa ba daɗi, a gabansa take faɗa.

"A waƙoƙi masu sauri, eh. Ihu kake yi, ba rerawa ba. A masu sanyi kuwa ƙarya yake."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun muna naɗa."

"Kika yi shiru, sai da duk gari ya yi min dariya?"

"Na gaya maka. Ka ce in kula da gangunana."

Ya ɗauki makullin motarsa ya fice.

Har Asabar ba su yi magana ba, sai dai ta ajiye abinci ya ci. A tsakani wata ƙungiya daga Jakarta ta kira tana son Nenden. Ba ta amsa ba, ba ta ƙi ba.

Ranar wasan zaure ya cika fiye da yadda muka saba, rabi kallon Nenden suka zo, rabi kallon abin da zai faru. Lokacinmu ya yi, babu Gugun. Mai wurin sai nuna mana agogo yake. Nenden ta zauna bayan ganguna, tana goge tafinta a wando.

Sai ga shi ya ratso mutane. Wani daga baya ya kwaikwayi kiran fasinja, aka kwashe da dariya. Gugun bai waiwaya ba. Ya matso kusa da ita.

"Masu saurin ke za ki rera. In ga yadda ake yi."

"Ina kiɗa, Kang?"

"Kina kiɗa."

Ta rera. Numfashinta ya yanke a tsakiyar ta biyu, shi ya kama mata amshi har ta dawo. Masu sanyin ya rera su ido rufe, zauren ya yi tsit.

Nenden ta je Jakarta, ta yi wata guda ta dawo. Yanzu muna shirin albam na biyu, kuma kullum sai sun yi faɗa kan wanda zai rera me.