Kwana Tara Ba Wanda Ya Neme Ni

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na biyu a Ostireliya, na taɓa shiga wata tafiyar daji ta kwana tara. Abokina ne ya kawo shawarar, wani ɗan ƙasarmu da muke haya gida ɗaya. Ya ce tunda hutu ya zo, mu je mu ga tsakiyar ƙasar, inda babu komai sai jar ƙasa da duwatsu, daga nan a haura arewa inda dazuzzuka da koguna suke. Muka ba da sunayenmu. Saura kwana biyu a tashi, malaminsa ya ce sai ya sake wani aiki, abokin nawa ya janye. Ni kuwa girman kai ya hana ni fasawa. Na ce ai Basakkwace ne ni, wane zafi za a nuna mini?

Ban gaya wa kowa a gida ba. Na san mahaifiyata na jin kalmar daji za ta ce a'a.

Mu goma sha ɗaya ne a motar, ban da jagorarmu, wata mata mai kamar shekara hamsin da rana ta gasa wa fuska. Ita ce direba, ita ce mai girki, ita ke ba da magani. Sauran duk bibbiyu suka zo, wasu miji da mata, wasu abokai. Kujerar da ke gefena ta abokina ce, sai na ɗora jakar goyona a kai, muka yi tafiyarmu ni da jakar.

Gaskiya ba wanda ya wulaƙanta ni. Suna miƙo mini ruwa, suna taya ni kafa tanti. Amma mutum zai tashi da safe ya ɗaga maka gira, shi ke nan wai an gaisa. In an zauna cin abinci sai hira ta ɓarke a kan garuruwan da suka zaga da waƙoƙin da suka tashi da su. Nakan yi dariya in na ga ana yi, wani lokaci a makare. Tun rana ta biyu sabis ya ɗauke, wayata ta koma agogo da fitila.

Zafin bai ba ni tsoro ba, a nan na cika bakina. Ƙuda ne suka karya ni. Sai da na sa irin ragar da na yi wa mutane dariya a kanta ranar farko, na rufe fuska kamar mai ɗiban zuma. In lokacin salla ya yi, nakan zaga bayan mota da gorar ruwata. Mu da muka tashi mun san alƙibla ita ce gabas, can sai ka juya wa gabas baya, ka fuskanci wajen faɗuwar rana. Kullum sai na ji kamar na yi kuskure, kuma babu wanda zan tambaya.

A rana ta huɗu muka ci karo da raƙuma. Jagorarmu ta taka birki, kowa ya fito da kyamara. Guda bakwai ne, tsaye a fili, babu akala, babu tambari, babu mai su. Ta ce tun zamanin da aka kawo kakanninsu don ɗaukar kaya, da motoci suka zo aka sake su. Na matsa kusa fiye da kowa. Ban san lokacin da na ce da babban cikinsu, "Sannu, baƙo. Kai ma nan aka baro ka?" ba. Ita ce Hausar farko da ta fito bakina a kwana huɗu, kuma muryata ta yi mini kama da ta wani. Wani saurayi daga cikinmu ya tambaye ni me na ce. Na ce gaisuwa ce kawai.

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Jar ƙasa ta ba da wuri ga ciyawa mai tsayin mutum, sai itatuwa, sai iska mai danshi da ke manne maka riga a baya. A rana ta bakwai muka yada zango kusa da wani kogi. Da muka sauka jagorarmu ta tara mutane tana bayani, ni kuwa ina can gefe ina fama da igiyar tanti, ban ji ko kalma ɗaya ba. Azahar ta yi, na ga ruwa shimfiɗe, kwance lumui. Kwana bakwai ina alwala da rabin gora. Na cire takalmi, na gangara, na tsuguna a bakin ruwan.

Na wanke hannu, na kurkure baki. Ina kai ruwa fuska sai na ji an fizgi wuyan rigata ta baya da ƙarfin da ya sa na faɗi rigingine. Jagorarmu ce. Ba ta sake ni ba sai da ta ja ni a ƙasa har saman gaɓa.

"Ba ka ji abin da na faɗa ba?" Ta nuna ruwan da yatsa. "Duba can."

Na duba. Wani abu da na ɗauka guntun icce ne, bai fi taku goma daga inda na tsuguna ba, ya nutse a hankali, ko motsin ruwa bai bari ba. Ta ce kadojin wannan kogin sun fi rabin motarmu tsayi, kuma mai tsugunawa suka fi so.

Mutane suka kewaye ni, wani ya dafa kafaɗata, wata ta ba ni alewa. Bayan minti goma kowa ya koma harkarsa. Na ƙarasa alwalar da gora, na yi salla. Bayan na sallame na daɗe zaune. Ba kadan nake tunani ba. Tunanin da nake yi shi ne, duk duniya babu mai jin harshena da ya san inda nake, sai abokina, shi ma sunan kogin bai sani ba.

Ranar ƙarshe da la'asar muka shigo gari, muka tsaya gidan mai. Wayoyin mutane suka hau ƙara. Na kunna tawa, na tabbata zan tarar da kira hamsin daga gida, har na shirya ƙaryar da zan yi. Saƙo biyu na samu. Ɗaya daga abokina yana tambayar inda na ajiye makullin kantar kicin, ɗaya daga ɗakin karatu, wai in mayar da littafi.

Na zauna a bakin kwalta na kira mahaifiyata. A Sakkwato safiya ce.

"Kai ne? Cewa niy yi karatu ya yi maka yawa, shi yas sa ban kira ba." Na gaishe ta, sai ta katse ni. "Mi yas samu muryarka?"

"Ba komai, Inna. Gajiya ce."

"Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Amma na kasa yin sallama. Ita ma ta gane.

"To kak ka kashe. Shara nika yi, bari in aje ta nan bisa taga."

Ta ajiye wayar ta ci gaba da aikinta. Na ji tsintsiya a tsakar gidanmu na Unguwar Rogo. Na ji akuya, na ji hon ɗin keke daga titi. Maƙwabciyarmu ta yi sallama ta shigo, suka fara gaisuwa, an tashi lahiya, ina gajiya, ina yara, ya jikin tsoho. Ina zaune a bakin wancan gidan mai, ƙura har gira, ina amsa kowace gaisuwa a hankali, ba mai ji na. Sai da jagorarmu ta danna hon sau biyu na tashi.

Na daɗe ina jin ciwon cewa kwana tara ba wanda ya neme ni. Sai daga baya na yarda ni na koya musu hakan. Shekara biyu duk wanda ya kira sai in ce ina aji, zan kira, kuma ba na kira. Suka ɗauka shirun nake so, suka ba ni shi don ƙauna.

Yanzu ina zaune a unguwar Arkilla a Sakkwato, ina aikin gwamnati. Ko Bodinga da ke nan kusa aiki ya tura ni sai na kira Inna na ce ga ni zan tafi, in na isa in ce na isa. Kwanakin baya na kira, ta ɗauka tana dariya, ta ce, "Wai kai ba ka da aikin yi ne?" Na ce ina da shi, Inna. Ta ce to, in na kamo hanya in sake kira.